Likita Mila: Baturen Da Kwabon Masu Baiko Ya Kawo Zariya

A wannan makon za mu waiwayi tarihin wani Bature da har yanzu ba a manta da sunansa a ƙasar Zazzau ba, ko da yake ya yi fiye da shekara 70 da rasuwa. Wannan kuwa shi ne Dokta Walter Miller, wanda aka fi sani da Likita Mila. Mu da muke Zongon Lome, da yawa daga cikin kakanninmu fatauci ne ya kawo su daga Kano da Katsina da Zariya, saboda haka labarin na gida ne.

An haifi Mila a shekarar 1872 a ƙasar Ingila, ya kuma yi karatun likita a asibitin St Bartholomew da ke Landan. Da ya gama, sai ya shiga ƙungiyar mishan ta cocin Anglikan, wato CMS, wadda aka kafa tun 1799. Kafin ya taka ƙasar Hausa, sai da ya je Tarabulus ya zauna cikin Hausawa fatake da maniyyata aikin hajji, a wurinsu ya koyi harshen.

A shekarar 1900 ya biyo ayarin Bishop Tugwell zuwa Kano. Sarkin Kano Aliyu Babba bai amince da zamansu ba, ya ba su 'yan kwanaki su bar masa gari. Suka koma Girku, kudu da Zariya, inda ɗaya daga cikinsu ya rasu. Mila bai haƙura ba. A 1905 ya samu izinin zama cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin shan magani da 'yar makaranta.

To, daga ina kuɗin wannan aiki suke fitowa? Ba daga baitulmalin gwamnatin mulkin mallaka ba ne. Ƙungiyar CMS ta dogara ne da baikon da masu ibada suke bayarwa a majami'un Ingila. Akwai ƙananan ƙungiyoyi a garuruwa da ƙauyuka masu karɓar kwabo ɗaya a mako daga hannun talakawa. Akwai akwatunan da ake ajiyewa a gidaje ana jefa canji, yara 'yan makarantar Lahadi su ma suna kawo nasu. A asibitocin ƙungiyar, majami'a guda takan ɗauki nauyin gadon majinyaci ɗaya shekara bayan shekara. Mutanen da ba su taɓa ganin Zariya ba, su ne suke sayen maganin da ake sha a can.

Sai dai ba za mu ɓoye wa mai karatu ba, maganin da makarantar tafe suke da wa'azin Kirista, kuma Mila bai taɓa musun haka ba. Shi ya sa yawancin mutanen birni suka karɓi maganinsa amma suka riƙe addininsu da 'ya'yansu. Turawan mulki su ma ba su saki jiki da shi ba, domin Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa musu addini ba. Mila mutum ne mai kaifin baki, ya sha sukar sarakuna da razdanoni a kan zalunci da cinikin bayi. Ƙorafe-ƙorafensa suna cikin abubuwan da suka kai ga tuɓe Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, aka kai shi Lokoja. Har gobe ra'ayi ya rabu a kan wannan al'amari.

Ya kuma ɗanɗani baƙin ciki. Ya taimaka aka kafa ƙauyen Kiristoci a Gimi domin zuriyar Isawa, amma ciwon barci da ƙudan tsando ke yaɗawa ya hallaka mutane da yawa, ala tilas aka watse.

A 1929 aka mayar da mishan ɗin Wusasa, bayan ganuwa, abin da bai yi wa Mila daɗi ba. Amma a can ne aikin ya kafu: asibitin St Luke, da makaranta, da majami'ar St Bartholomew wadda aka gina da ƙasa irin ginin Hausawa. Daga wannan tushe aka samu Dokta R.A.B. Dikko, likita na farko a Arewacin Nijeriya, da Farfesa Ishaya Audu, shugaban Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, da Janar Yakubu Gowon. Mila yana kuma kan gaba cikin waɗanda suka fassara Littafi Mai Tsarki da Hausa, wanda ya fito a 1932. Ya rasu a 1952 a ƙasar Jos, a can aka binne shi.

Ko mun yarda da manufarsa ko ba mu yarda ba, akwai abin dubawa. Kwabo-kwabo ne, da ake tarawa a kan lokaci ana kuma riƙe amanarsa, ya zama asibiti da makaranta. Mu ma a Zongo muna tara gudummawa a masallatai da majami'u da wuraren biki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tambayar da ta rage mana ita ce, me za a nuna wa jikokinmu a ce kuɗin da muka tara ne suka gina shi?