William Addis: Fursunan da ya ƙera buroshin haƙori

An haifi William Addis a Ingila a 1734, zamanin da ake goge haƙora da tsumma, gishiri da kunkunniya. An ruwaito cewa a 1770 aka jefa shi kurkuku bisa laifin tayar da tarzoma. A can ya huda wani ƙashi da ya rage a abincinsa, ya cusa masa gashi mai tauri, buroshi ya samu. A 1780 ya fara ƙera shi da yawa, ya kuwa yi arziki. Ya rasu a 1808, ya bar wa ɗansa masana'antar. Sai dai takardar mallakar fasahar buroshi ta farko a Amurka, H. N. Wadsworth aka bai wa a 1857.