Dakta Jeanette Troup da Zazzaɓin Lassa

Mu 'yan Kafanchan mun saba zuwa Jos neman magani, amma kaɗan ne cikinmu suka san wannan likita 'yar Amurka. A shekarar 1969 ta duba ma'aikatan jinya na mishan da wani baƙon zazzaɓi ya kama, wanda ya ɓulla a garin Lassa na jihar Borno. Jininsu da aka aika Jami'ar Yale ne ya tona asirin ƙwayar cutar, wato bairos, wadda madubin likita na yau da kullum ba ya iya gani. Cutar ta sake dawowa Jos a 1970. Likitar tana binciken wata gawa sai wuƙa ta yanke ta a yatsa, ta kamu, ta rasu a watan Fabrairu. Sai a 1972 aka gano ɓera ne ke ɗauke da ƙwayar, irin wanda ke shiga rumbunanmu.