David Bruce, likitan da ya bi sawun ciwon barci

A zangon karatu na farko na wannan shekara, malaminmu ya ba mu wani gilashi mai ɗigon jini ya ce mu duba a madubin ganin ƙananan halittu. A tsakanin ƙwayoyin jinin na hango wata 'yar halitta siririya mai wutsiya, kamar ganyen dogonyaro da aka murɗe. A jikin gilashin an rubuta Trypanosoma brucei. Ni dai sunan kawai na haddace don jarrabawa. Da na je hutu na kwatanta wa kakana, wanda ya yi kiwo tun yana yaro, sai ya ce ai sammore ke nan, ciwon da ƙudan tsando ke sa wa shanu. Daga nan na fara neman labarin mutumin da aka liƙa wa halittar sunansa.

An haifi David Bruce a birnin Melbon na Ostireliya a 1855. Iyayensa 'yan Sikotilan ne, kuma sun koma gida da shi yana ɗan shekara biyar. Ya karanta likitanci a Jami'ar Edinbura, ya gama a 1881. A 1883 ya auri Mary Steele, 'yar wani likita, kuma a shekarar ya shiga aikin likitan soja. An tura su tsibirin Malta, inda wani zazzaɓi ke kwantar da sojojin Ingila. A 1887 ya gano ƙwayar da ke haddasa shi, wadda daga baya aka sa mata suna Brucella.

A 1894 aka aike shi ƙasar Zulu, a Afirka ta Kudu, saboda wani ciwo da ke ƙarar da shanu. Zulawa na kiransa nagana, wato mutuwar jiki, don dabbar da ta kamu sai ta yi lagwas, ta rame, ta daina kuzari. Shi da matarsa suka tare a kan tudun Ubombo, suka yi kusan shekara biyu suna duba jini. Gwajin da ya yi ba ya buƙatar wasu kayan a zo a gani. Yakan gangara da lafiyayyun dawaki zuwa kwarin da ƙudan yake, ya hana su ci ko sha a can, ya dawo da su. Duk da haka sai su kamu. Sai kuma ya kamo ƙudajen ya hau da su tudu, ya bari suka ciji lafiyayyen doki, shi ma ya kamu. Da haka ya tabbatar cewa ƙudan tsando ne ke ɗauko halittar daga jinin namun daji ya kai wa dabbobin gida. A 1899 aka raɗa mata sunansa.

A farkon ƙarni na 20 annobar ciwon barci ta afka wa mutanen bakin Tafkin Biktoriya a Yuganda, ta kashe sama da mutum 200,000. A 1903 Bruce ya isa can. Kafin zuwansa wani matashin likita ɗan Italiya, Aldo Castellani, ya riga ya ga irin wannan halitta a ruwan lakar marasa lafiya. Bruce, da yake ya san ta tun ƙasar Zulu, ya kama zaren. Da taimakon sarakunan yankin aka tattaro ƙudaje daga wurare daban-daban, aka zana taswirar inda ƙudan yake da ta inda ciwon yake, sai ga su sun dace.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne yadda ciwon ke aiki. Da farko halittar tana cikin jini, sai zazzaɓi da ciwon kai da kaluluwa a wuya. Daga baya ta tsallaka zuwa ƙwaƙwalwa, ta hargitsa agogon da ke tsara barci. Mutum ya yi ta gyangyaɗi da rana, ko da abinci a bakinsa, da dare kuma ido biyu. Halinsa ma ya canza. Mai haƙuri ya koma mafaɗaci, mai kuzari ya daina damuwa da komai. In ba a yi magani ba, daga dogon suma sai mutuwa. Ka ɗauka a ce ɗan'uwanka ne, kuma babu madubi a garinku. Me za a ce in ba iska ko sammu ba? Bincike na baya-bayan nan ya nuna ko ƙudan bai tsira ba, don halittar na canza masa yawu ta yadda yake daɗewa yana neman jini, ita kuma ta ƙara samun damar shiga sabon jiki.

Labarin bai yi nisa da mu ba. A shekarun 1930 ciwon ya addabi ƙasar Zazzau, har aka sare kurmin bakin rafuka a yankin Anchau, aka gina sabon gari mai suna Takalafiya. Har yau akwai cibiyar binciken wannan cuta a Kaduna.

Bruce ba waliyyi ba ne. Aikinsa ya tafi ne a ƙarƙashin mulkin mallaka, kuma masana tarihi sun zarge shi da rage wa abokan aiki haƙƙinsu, irin su Castellani da Themistocles Zammit, likitan Malta da ya gano a 1905 cewa nonon awaki ne ke yaɗa zazzaɓin tsibirin. Amma bai yi wa Mary haka ba. Ita ce ke shafa jini a gilashi, ta rina shi, ta zana abin da aka gani. A taƙaice, aikin da mu 'yan sashen fasahar ɗakin gwaje-gwaje ake horar da mu a kai ita take yi. Ta rasu a Nuwamban 1931, shi kuma ya bi ta bayan kwana huɗu, a Landan. Kafin ya cika ya bar wasiyya cewa duk wanda zai ba da labarin aikinsa kada ya manta da nata.

Nan da 'yan watanni za mu bar makarantar nan, kuma yawancinmu a bayan madubi za mu zauna, inda mara lafiya ba zai taɓa sanin sunanmu ba. Wata rana za a kawo mana jinin wani da danginsa suka riga suka yanke cewa ya haukace. Ina fatan ranar in ƙara minti biyar a kan gilashin kafin in rubuta cewa babu komai.