Hubert Ogunde, ɗan sandan da ya koma mai wasan kwaikwayo

An haifi Hubert Ogunde ranar 10 ga Yuli, 1916 a garin Ososa kusa da Ijebu-Ode, a ƙasar Yarbawa. Ya yi aikin koyarwa, yana kuma kaɗa molon coci, kafin ya shiga aikin ɗan sanda.

A lokacin, wasan da ake haɗa shi da waƙa, wanda Turawa ke kira opera, abu ne na Turai. A Ingila ne Gilbert da Sullivan suka yi suna da wasanninsu na barkwanci, har aka gina musu gidan wasa na Savoy a London a 1881. Ogunde ya ɗauki sunan opera, amma ya zuba masa Yarbanci da ganga da rawar gida. A 1944 ya nuna wasansa na farko a zauren Glover na Legas, labarin Annabi Adamu da Hauwa'u, da tallafin wata coci. Bai daɗe ba ya ajiye kakin ɗan sanda ya kafa ƙungiyarsa, wadda cinta da shanta ke fitowa daga kuɗin ƙofa. A wancan zamani iyaye ba sa barin 'ya'yansu mata su hau dandali, shi ya sa da yawa daga cikin 'yan wasansa matansa ne na aure.

A Arewa ne ya fi shan wuya da Turawan mulki. An tsayar da wasansa Strike and Hunger a Jos, domin ya taɓo yajin aikin gama-gari na 1945. Da 'yan sanda suka harbe ma'aikatan haƙar kwal 21 a Enugu a 1949, sai ya shirya Bread and Bullet. Aka hana shi nunawa a Kano, aka kai shi kotu, aka ci shi tara. Bayan samun 'yanci ma bai tsira ba: gwamnatin Akintola ta haramta wa ƙungiyarsa wasa a Jihar Yamma a 1964 saboda Yoruba Ronu, sai a 1966 sojoji suka ɗage haramcin.

Mutanen Ghana ma sun san shi. Zuwansa na farko a 1948 asara ya tafka, don masu kallo ba sa jin Yarbanci. Duk ɗan zango da ya taɓa kai haja kasuwar da ba a jin harshensa ya san wannan ciwo. Ogunde ya koma gida ya shirya Swing the Jazz, ya ƙara kiɗa da rawa, ya sake dawowa, wannan karon kuwa ya samu karɓuwa.

Daga baya ya koma fim, ya fitar da Aiye da Jaiyesimi. Ya fito a fim ɗin Mister Johnson, wanda aka ɗauka a Arewacin Najeriya, sai rashin lafiya ta kama shi. Ya rasu a wani asibiti a London ranar 4 ga Afrilu, 1990.