Eric Liddell, Ɗan Tseren Da Ya San Wanda Yake Wa Gudu

Karatu: 1 Korantiyawa 9:24-27

In ka fita titi za ka ga hoton wani shahararren ɗan wasa a allon talla, yana riƙe da lemo ko wayar salula. Yaranmu suna sa riga mai sunansa, suna aski irin nasa. Amma ran da ya sauya ƙungiya, ko ya tallata abin da jama'a ba su so, masu yi masa tafi jiya su ne masu zaginsa yau. Bari in ba ka labarin wani da ya ɗanɗana yabon da zagin duka.

An haifi Eric Liddell a shekara ta 1902 a birnin Tiyanjin na ƙasar Sin, inda iyayensa, mutanen Sikotilan, suke aikin bishara. Ya yi karatu a Jami'ar Edinbara, a can kuwa ya yi suna wajen gudu. Tun a 1923 ya fara magana a tarurrukan bishara. Mutane sukan zo don su ga ɗan tsere, su koma gida sun ji labarin Yesu. Tallar da ya yi da sunansa ke nan.

A wasannin Olimfik na 1924 a Paris, an sa ran zai kawo wa Birtaniya lambar zinariya a tseren mita 100. Sai aka sa zagayen farko ranar Lahadi. Watanni kafin gasar ya sanar cewa ba zai yi gudu a ranar da ya keɓe wa Ubangiji ba. Wasu suka zarge shi da juya wa ƙasarsa baya. Bai yi gardama da kowa ba, ya koma shirin mita 400. Ranar 11 ga Yuli ya cinye tseren cikin daƙiƙa 47.6. Da ya koma Edinbara, a kafaɗa aka ɗauke shi.

A 1925, lokacin da sunansa yake bakin kowa, ya koma ƙasar Sin ya zama malamin makaranta. An naɗa shi fasto a 1932, ya auri Florence a 1934. Da yaƙi ya tsananta a 1941, ya tura matarsa da 'ya'yansa Kanada, shi ya zauna wurin aikinsa. A 1943 sojojin Japan suka tsare shi a sansanin Weihsien. A can ba jarida, ba masu tafi. Yana koyar da yara, yana shirya musu wasanni, yana taimakon tsofaffi da marasa lafiya. Ya rasu ranar 21 ga Fabrairu 1945 saboda ƙari a ƙwaƙwalwa, yana da shekara 43, bai taɓa ganin autarsa ba.

Ɗan'uwana, 'yar'uwata, da Eric ya dogara ga bakin jama'a, da tun a 1924 ya karaya. Halinsa a filin Paris shi ne halinsa a sansani, domin Ubangiji ɗaya yake yi wa hidima. Kai ma akwai masu kallonka, ko da hotonka ba ya kan allo: ƙanenka, ɗanka, yaran makarantar Lahadi. Me rayuwarka take tallata musu? In kuma ɗanka yana da gwanin da yake so, kada ka tsawata masa. Ku zauna tare, ka tambaye shi abin da ya gani a halin mutumin bayan iya wasa.

Addu'a: Ya Uba, ka ba ni zuciya mai aminci, in yi tseren da ka sa a gabana, ko ana yabona ko ana zagina. Cikin sunan Yesu, amin.