Heinrich Barth: Baƙon da ya tsallaka Binuwai a 1851, littafinsa ya rabu gida-gida

An haifi Heinrich Barth a birnin Hamburg na ƙasar Jamus ranar 16 ga Fabrairu, 1821. Ya yi karatun tarihin Girkawa da Rumawa a jami'ar Berlin, daga 1845 zuwa 1847 kuma ya zaga gaɓar tekun Bahar Rum yana nazarin kufan biranensu. Shi ya sa da ya baro Tarabulus a 1850 ya riƙa tsayawa a hamadar Libiya yana zana kaburbura da ƙofofin da Rumawa suka bari.

A ƙasar Hausa da Barno an san shi da Abdulkarim, kuma yana jin Hausa. Ya shiga Kano a Fabrairun 1851, ya wuce Kukawa, sannan ya nufi Adamawa ta Mubi. Ranar 18 ga Yuni ya tsallaka Binuwai a inda kogin Faro ya haɗu da shi, yamma da Garoua. Lamido Lawal na Yola bai amince da baƙon da ya zo daga Barno ba, ya sallame shi bayan 'yan kwanaki. Daga baya ya bi rundunar Barno zuwa ƙasar Musgum, ya rubuta irin ɓarnar farautar bayi da ya gani, ya kuma ziyarci Logone-Birni a 1852.

Labarin tafiyar ya fito a juzu'i biyar tsakanin 1857 da 1858, da Turanci a Landan, da Jamusanci a Gotha, tare da taswirori da hotunan da Johann Martin Bernatz ya tsara daga zanen Barth. Sai aka taƙaita na Jamusancin zuwa juzu'i biyu, kuma daga wannan taƙaitaccen Paul Ithier ya yi fassarar Faransanci mai juzu'i huɗu a 1860 da 1861.

Wannan bambanci ya shafi masu karatu a Kamaru da Nijar kai tsaye. Ɗalibin da ke Garoua ko Maroua, idan da Faransanci ya karanta Barth, ya rasa bayanai da dama da takwaransa na Yola ke samu a bugun Turanci. Don haka mai neman tarihin garinsu ya fara duba wane bugu ke hannunsa kafin ya ce Barth bai ambaci garin ba.

Barth ya rasu a Berlin ranar 25 ga Nuwamba, 1865, yana da shekara 44.