Dakta Byang Kato: Ɗan Kwoi da ya yi digirin digirgir a Dallas, ya rasu yana da shekara 39

A tarihin ilimin tauhidin Kirista a nahiyar Afirka, da wuya a lissafa mutum biyar ba a ambaci Rabaran Dakta Byang Henry Kato ba. Ɗan ƙabilar Ham ne daga Kwoi a Kudancin Jihar Kaduna, wanda ya taso a gidan masu bin addinin gargajiya, ya yi karatu a Igbaja da Landan da Dallas, ya kuma zama ɗan Afirka na farko da ya shugabanci Ƙungiyar Masu Bishara ta Afirka da Madagaska. Shekara 39 kacal ya yi a duniya, kuma tsakanin karɓar digirinsa na digirgir da rasuwarsa bai kai shekara biyu ba. Duk da haka, tambayar da ya kafa bincikensa a kanta tana nan ana tafka muhawara a kanta har gobe: idan addini ya shigo wa al'umma daga wata ƙasa, me za su riƙe daga al'adunsu, me kuma za su bari?

Haihuwa da tasowa

An haifi Byang Kato a watan Yunin 1936 a Sabzuro da ke Kwoi, a Lardin Zariya na wancan zamani. Kwoi ita ce cibiyar mutanen Ham, waɗanda Hausawa ke kira Jaba, ƙasar da ta yi suna wajen noman citta, kuma a cikinta ne ƙauyen Nok yake, inda aka tono tsofaffin mutum-mutumin yumɓu da suka shahara a duniya. Mahaifinsa mai riƙo ne da addinin kakanni, kuma tun yaron yana jariri aka keɓe shi domin ya gaji hidimar tsafin gidansu. Yana da kimanin shekara 10 aka shigar da shi al'adar balaga da ake yi wa samarin ƙabilar.

A lokacin 'yan mishan na SIM sun daɗe da kafa tasha a Kwoi, suna da makaranta da majami'a. A makarantar ce Byang, yana ɗan shekara 12, ya ji malaminsu yana ba da labarin Annabi Nuhu da jirginsa, abin da ya zama sanadin shigarsa addinin Kirista. An yi masa baftisma a 1948. Mahaifinsa bai ji daɗin haka ba, har ya janye hannu daga biyan kuɗin makaranta, dole yaron ya riƙa yin 'yan aikace-aikace domin ya ci gaba da karatu. Daga baya iyayen nasa su ma suka bi sahunsa. Wannan tasowa ta yi tasiri a kan duk abin da ya rubuta daga bisani, domin addinin gargajiya a wurinsa abu ne da ya rayu a ciki, ya san tsoron da ke tattare da shi, ya kuma san darajar da mutane ke ba shi.

Daga Igbaja zuwa Landan

A 1955 ya tafi Kwalejin Littafi Mai Tsarki ta Igbaja, a Jihar Kwara ta yanzu, ya kammala a 1957, shekarar da ya yi aure. Allah Ya albarkace su da 'ya'ya uku. Ya koyar a makarantun horar da masu wa'azi na ikilisiyarsu, irin waɗanda galibi da harshen Hausa ake karantarwa a cikinsu, kasancewar Hausa ce ke haɗa ƙabilun yankin, kuma tun 1932 aka fitar da cikakken Littafi Mai Tsarki a cikinta. Ya kuma yi aiki a Legas da mujallar African Challenge.

Da yake bai samu damar yin sakandare kamar yadda aka saba ba, sai ya shiga karatu ta hanyar wasiƙa, yana aiki da rana yana bitar darasi da dare, har ya ci jarrabawar da ta buɗe masa ƙofar jami'a. A 1963 ya tafi Ingila, ya shiga Kwalejin Littafi Mai Tsarki ta Landan, inda ya yi shekara uku ya samu digirin farko a fannin tauhidi na Jami'ar Landan. Da ya dawo gida ya koyar a Igbaja, sannan a 1967 aka zaɓe shi Babban Sakataren ikilisiyar ECWA, mai hedikwata a Jos. An kafa ikilisiyar ne a 1954 daga majami'un SIM. Ya hau kujerar a shekarar da yaƙin basasa ya ɓarke, don haka wani ɓangare na aikinsa ya koma kai agaji ga waɗanda yaƙin ya tagayyara.

A wannan kujera ce ya ga matsalar da ta dame shi har ƙarshen ransa. Majami'u na cika, ana buɗe sababbi a ƙauyuka da birane, amma masu zurfin ilimin da za su jagorance su 'yan ƙalilan ne. Littattafan da ake karantarwa daga Turai da Amurka suke zuwa, tambayoyin da suke amsawa kuma na mutanen can ne. Ba su cewa komai a kan maita, ko auren mace fiye da ɗaya, ko yanka ga kakanni, alhali waɗannan su ne abubuwan da fasto a Kwoi ko Kagoro ke fuskanta kullum. Kato ya kan kwatanta ikilisiyar Afirka da mai fama da ƙarancin jini, jiki ya girma amma ƙarfi babu.

Karatun digirgir a Dallas

A 1970 ya ajiye muƙaminsa ya tafi Makarantar Tauhidi ta Dallas da ke Jihar Texas a Amurka. An kafa makarantar a 1924, kuma an san ta da tsananta wa ɗalibai wajen koyon Ibrananci da Helenanci, harsunan da aka rubuta Littafi Mai Tsarki da su tun asali. A 1971 ya kammala digiri na biyu. Kundin da ya rubuta ya duba iyakar abin da ɗan Adam zai iya sani game da Mahalicci ta hanyar lura da halitta kawai, kuma addinin mutanensa na Jaba ya ɗauka a matsayin misali. Ya nuna cewa tun kafin zuwan 'yan mishan mutanen Ham sun san akwai Ubangiji Maɗaukaki, suna kiransa Nom. Abin da ya tsaya a kai shi ne wannan sani shaida ce cewa Mahalicci bai ɓoye kansa ga kowace al'umma ba, amma a bisa aƙidar Kirista bai isa ya kai mutum ga ceto ba.

Wannan batu ne ya faɗaɗa a bincikensa na digirin digirgir, wanda aka ba shi a 1974. Domin a gane nauyin binciken sai an tuna yanayin shekarun. Ƙasashen Afirka ba su daɗe da samun 'yanci ba, kuma guguwar komawa ga al'ada tana kaɗawa. A Zayar, Mobutu ya hana amfani da sunayen Turawa na baftisma. A Chadi, Shugaba Tombalbaye ya tilasta wa ma'aikatan gwamnati shiga al'adar balaga ta yondo, kuma Kiristocin da suka ƙi sun sha azaba, wasu sun rasa rayukansu. A jami'o'i kuma manyan malamai irin su Farfesa John Mbiti na Kenya, wanda ya koyar a Makerere, da Farfesa Bolaji Idowu na Jami'ar Ibadan, suna rubuce-rubucen da ke ɗaukaka addinan gargajiya, suna nuna cewa sun share wa addinin Kirista hanya, domin wanke su daga ƙasƙancin da Turawa suka jefa su a ciki.

Kato ya yarda da su cewa Turawa sun raina al'adun Afirka ba bisa haƙƙi ba. Inda ya rabu da su shi ne fargabarsa cewa wannan hanya za ta kai ga abubuwa biyu: gamin gambizar addini, inda za a cakuɗa bishara da tsafi har a kasa bambancewa, da kuma ra'ayin cewa kowace hanya mutum ya bi za ta kai shi ga tsira. Ya bi littattafansu ɗaya bayan ɗaya yana yi musu raddi, ya haɗa da manufofin Majalisar Ikilisiyoyi ta Duniya da takwararta ta Afirka. A 1975 aka buga binciken a Kisumu ta ƙasar Kenya da sunan Theological Pitfalls in Africa, wato ramukan da tauhidi ke iya faɗawa a Afirka, kuma fitaccen mai wa'azin nan Billy Graham ne ya rubuta masa gabatarwa.

Matsayinsa a kan al'ada

Masu ɗaukar Kato a matsayin maƙiyin al'ada ba su yi masa adalci ba. A watan Yulin 1974 ya gabatar da maƙala a babban taron bishara na duniya da aka yi a Lausanne ta ƙasar Suwizalan, wanda ya tara wakilai daga ƙasashe kusan 150. A can ya bayyana cewa wajibi ne a isar da saƙo cikin harshe da kiɗa da sutura da salon tunanin mutanen da ake yi wa wa'azi. A ganinsa babu dalilin da zai sa mai ibada a Afirka ya jingine ganga da kalangu ya rungumi kayan kiɗan Turawa, ko ya sa kwat a tsakiyar zafin bazara domin a ce ya cika mai bi. Sharaɗinsa ɗaya ne, a sauya tufar saƙon yadda ta dace da wurin, amma kada a taɓa ainihinsa. Nassi ne zai yi wa al'ada hukunci, abin da bai saɓa masa ba a riƙe shi, abin da ya saɓa a bar shi.

Haka kuma ya ƙi goyon bayan kiran da wasu shugabannin ikilisiya suka yi, wanda Rabaran John Gatu na Kenya ya fara a 1971 kuma taron Lusaka na 1974 ya ƙarfafa, cewa a dakatar da karɓar 'yan mishan da kuɗaɗe daga waje. Kato yana son ikilisiyar Afirka ta tsaya da ƙafafunta, amma yana ganin hanyar ita ce a horar da 'yan ƙasa har su karɓi ragama, su ma su riƙa aika nasu masu bishara zuwa wasu ƙabilu da ƙasashe, kamar yadda ECWA ta riga ta fara da ƙungiyarta ta EMS.

Shugabanci a Nairobi da rasuwa

Tun kafin ya kammala karatun, a taron da aka yi a Limuru ta Kenya a 1973, aka zaɓe shi Babban Sakataren Ƙungiyar Masu Bishara ta Afirka da Madagaska, wadda aka kafa a 1966. Ya koma Nairobi da iyalinsa, ya shiga zagaya ƙasashe yana tallata tsarin da ya zana. Yana son a kafa manyan makarantun tauhidi biyu, ɗaya ta masu Faransanci ɗaya ta masu Ingilishi. Yana son a samar da hukumar da za ta riƙa tantance ingancin makarantu, da mujallar bincike, da dandalin da malamai za su riƙa haɗuwa. Hujjarsa ita ce tura ɗalibi Turai ko Amurka na cin kuɗi mai yawa, yana raba shi da mutanensa shekaru, wani ma ba ya dawowa. Shi da ya sha wahalar zuwa Dallas, burinsa shi ne na bayansa su samu irin wannan ilimi a gida.

Bai ga cikar ko ɗaya daga cikinsu ba. Ranar 19 ga Disamba, 1975, yana hutu da iyalinsa a gaɓar Tekun Indiya kusa da Mombasa, ruwa ya ci shi. An kawo gawarsa gida aka binne a Kwoi. Labarin ya girgiza ikilisiyoyi a ciki da wajen Afirka, domin a lokacin yana riƙe da manyan muƙamai a ƙungiyar masu bishara ta duniya, kuma littafinsa bai daɗe da fitowa ba.

Abin da ya bari

Shekara ɗaya bayan rasuwarsa, a 1976, aka kafa hukumar tantance makarantun tauhidi ta ACTEA. A 1977 aka buɗe makarantar masu Faransanci a Bangui, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Ta masu Ingilishi ta fara aiki a Nairobi a 1983, kuma ita ce ta zama Africa International University a yau. A Jos, ECWA ta buɗe makarantar tauhidinta ta JETS a 1980, aka sa wa ɗakin karatunta sunansa. Wanda ya gaje shi a Nairobi, Dakta Tokunboh Adeyemo, shi ma ɗan Najeriya ne da ya yi digirgir a Dallas, kuma shi ya jagoranci malaman Afirka 70 suka fitar da sharhin Littafi Mai Tsarki na Afirka a 2006.

Masu suka ma ba su ƙyale shi ba. Farfesa Kwame Bediako na Ghana, a littafinsa na 1992, ya yi nuni da cewa Kato ya duba addinan Afirka da tabarau irin na malamansa na Amurka, ya kuma tsananta wa Mbiti da Idowu fiye da kima. Masu kare shi na cewa littafi ɗaya ne na matashin da bai kai shekara 40 ba, kuma da ya yi tsawon rai da ya faɗaɗa abin da ya fara a Lausanne. Ko ta wane ɓangare aka tsaya, ɗaliban da ke rubuta kundin digirgir a fannin aikin mishan da hidima tsakanin al'adu a Jos da Igbaja da Nairobi da Bangui kan fara ne da wannan muhawara, a cikin makarantun da ɗan Kwoi ya yi fafutukar ganin an kafa ko an ɗaga darajarsu.